Roƙon Tallafi Domin Kula da Ginin Cocin Triniti Mai Tsarki na Long Melford

'Yan'uwa, iyaye da abokan arziki, muna gaishe ku cikin sunan Ubangiji.

Kwamitin kula da gini ne ke neman gudummawarku domin cocin Long Melford da ke yankin Suffolk a gabashin Ingila. Attajiran garin masu sana'ar tufafin ulu ne suka sake gina shi tsakanin 1467 da 1497, da John Clopton a kan gaba, kuma har yau sunayen waɗanda suka ba da kuɗi suna nan a sassaƙe a jikin bangon waje, tare da roƙon a yi wa rayukansu addu'a. Tsawon ginin ya kai wajen ƙafa 250. Mutane da yawa na zaton gwamnati ko dayosis, wato hukumar cocin da ke ƙarƙashin bishop, ke ɗaukar nauyin irin wannan gini. Ba haka ba ne. A Cocin Ingila gyara yana wuyan ikkilisiyar gari, kuma doka ta wajabta ƙwararren mai zanen gini ya duba shi duk shekara biyar, ya rubuta abin da ke bukatar gyara bi da bi.

Babban abokin gabar ginin ruwa ne, shi ya sa kuɗin farko kan tafi wurin da baƙo ba ya ɗaga kai ya kalla: indararo da magudanan rufi. Sau biyu a shekara ake share su, bayan zubar ganye da kuma bayan hunturu. Kamar dai gidan ƙasa da indararonsa ya toshe a tsakiyar damina, ruwa kan taru a bayan bango, ya jiƙa kan katakon da ke ɗauke da rufi, katakon ya ruɓe daga ciki, ƙwaro mai cin itace ya samu wurin zama. Darmar rufi kuma tana buɗewa da zafi tana tsukewa da sanyi, har ta tsage a wurin haɗi. Ƙaramar tsaga ana iya like ta a yini guda. In aka bari, sai an kafa katakan hawa an ɗaga rufin.

Sai bango. An yi masa ado da dutsen ƙyastu da aka fasa, aka jera baƙar fuskarsa daidai da farin dutsen da ya kewaye shi, babu wanda ya ɗara wani fitowa. Wannan dutse ba ya shan ruwa ko kaɗan, don haka duk danshin bango ta kwaɓin da ke tsakanin duwatsu yake fita. Kwaɓin farar ƙasa ake yi, awo ɗaya na farar ƙasa ga kusan awo uku na yashi mai kaushi. A kankare tsohon da ya mutu, a jiƙa ramin, a cusa sabo kaɗan-kaɗan, a rufe da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe da gaggawa. Ba a yin aikin lokacin da ruwa ke daskarewa. Siminti kuwa ba ma yarda da shi ko da kyauta aka kawo: yana kulle danshi a ciki, sanyi ya daskarar da shi, duwatsu su riƙa ɓallowa. Da mugunyar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ya fi jan baƙi shi ne gilasan tagogi na ƙarni na 15, waɗanda aka tattara a ɓangaren arewa: maza da mata a durƙushe cikin tufafi masu tambarin gidajensu, da ƙaramin zanen zomaye uku masu kunnuwa uku kacal a tsakaninsu amma kowane ka duba yana da biyu, da hoton Almasihu a gicciye a kan furen lili. Raɓar da ke kwanciya a jikin gilashi cikin dare ita ke cin sa, tana huda fuskarsa tana ɗaga fentin. Maganin shi ne a sa sabon farin gilashi a gurbin asali, a janyo tsohon ciki kaɗan a cikin firam na tagulla, a bar kafar iska sama da ƙasa, raɓar ta koma kan sabon. Aiki ne mai tsada, taga ɗaya bayan ɗaya ake yin sa, kuma sai da izinin dayosis a rubuce.

Akwai kuma sassaƙen farin dutse mai laushi na wajen 1350, wanda ke nuna masanan gabas a gaban jariri Yesu. A ƙarƙashin daɓe aka tono shi a ƙarni na 18. Masu son taimakawa da shara su sani ruwa yana narkar da irin wannan dutse, busasshen buroshi mai laushi kawai ake sa masa. Ɗakin sujada na Maryamu da ke ƙarshen gabas ya taɓa zama makarantar gari a da, daga 1670, jadawalin lissafin yara ma yana nan a bango, kada wani ya ɗauka datti ne ya goge. Hasumiya ita ce ƙaramar yarinya a ginin, don aradu ta lalata ta asali wajen 1710, kuma siffarta ta yanzu an kammala ta a 1903.

Ana iya sa gudummawa a akwatin baiko da ke cikin coci, ko a miƙa wa dattawan coci a karɓi rasit. Wanda ke biyan haraji a Birtaniya ya cika takardar Gift Aid, domin a kan kowane fam 100 coci zai karɓi ƙarin fam 25 daga hukumar haraji ba tare da mai bayarwa ya ƙara ko sisi ba. Mun fi son alkawarin wata-wata ko da kaɗan ne, don da shi ake iya riƙe magini tun kafin lokacin aiki. Wanda yake so kuɗinsa ya tafi ga gilashi kaɗai ya rubuta haka a jikin ambulan. Wanda bai rubuta komai ba, za a fara da rufi da indararo.

Allah ya saka da alheri.

Kwamitin Kula da Gini