Wasiƙa zuwa ga aminina kan maganar haihuwa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali, ya kuma zaman Legas? Saƙonka ya iso, na kuma ji cewa Hajiya ta matsa maka ka ƙara aure tunda an shekara uku shiru. Haihuwa ta Allah ce, wannan ba mai ja. Amma kafin a kai kuɗin gaisuwa wani gida, ina so ka fara kai kanka asibiti.

Kai nake nufi, ba mai ɗakinka kaɗai ba. A wajen kusan rabin ma'auratan da ke cikin wannan hali, akwai matsala a ɓangaren namiji. Ƙarfin mutum a shimfiɗa daban, lafiyar maniyyinsa daban. Hangum bayan balaga, ko ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, ko kumburin jijiyoyin maraina, duk suna iya rage ƙwayoyin haihuwa mutum bai sani ba.

Gwajin naka kuwa shi ne mafi sauƙi da arha. Za ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka ba da maniyyi a 'yar kwalba, a duba yawan ƙwayoyin da motsinsu da siffarsu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana son a samu aƙalla miliyan 16 a kowace mililita. In sakamako ya fito ƙasa da haka kada hankalinka ya tashi, sai an maimaita bayan kamar wata 3, domin ƙwayoyin kan ɗauki kwana 74 ko makamancin haka kafin su nuna, kuma ko zazzaɓi mai zafi kan rage su na ɗan lokaci.

Nata binciken ya fi wahala, shi ya sa nake ganin rashin adalci ne a fara da ita. Akwai gwajin jini kwana 7 kafin al'ada don a tabbatar tana sakin ƙwai, akwai sikanin don duba ƙari a mahaifa, sannan akwai hoton da ake zuba rini ta bakin mahaifa a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke. Wannan na ƙarshen da ciwo, ka raka ta ranar.

Kada ku ƙara jira. Ƙa'idar likitoci ita ce shekara 1 ba ciki sai a bincika, wata 6 in mace ta haura 35. Masu tallar magani da lasifika a bakin tasha kuma ka rabu da su, ba su taɓa duba maniyyin kowa ba.

Ku nemi likitan mata a asibitin koyarwa, ku je tare, ta riƙe lissafin ranakun al'adarta. Hajiya kuma ka lallaɓa ta, ka roƙi ta ɗan ƙara muku lokaci har sakamako ya fito. Ka gaishe min da mai ɗakin naka. Allah ya kawo masu albarka.

Wassalam,
Amininka daga Kano