Kifin ado ma yana da haƙƙi a kanmu

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi wa masu sha'awar kifin ado tsokaci, domin abin da nake gani yana damuna. Mutum zai sayi akwatin gilashi da safe, ya cika shi da ruwan famfo, da yamma ya zuba kifi. Kafin mako duk sun mutu, ya ce kifin ba shi da ƙwari. Ina! Kilorin da ke cikin ruwan famfo guba ne gare su. Kashinsu kuma yana zama amoniya, wata gubar ce ita ma, sai ƙwayoyin halitta masu amfani sun zauna a cikin matatar ruwan kafin su iya kawar da ita, wannan kuwa kan ɗauki mako 4 zuwa 6. Masu sayarwa da yawa ba sa faɗa, ciniki ne a gabansu.

Ni gufi nake kiwo, wani ƙaramin kifin ado. Ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi kusan kowane wata, kuma in ba ka tanadi ciyawar ruwa mai duhu inda 'ya'yan za su ɓuya ba, uwar da kanta za ta haɗiye su. Kifin beta kuwa, ɗan asalin ƙasar Tailan, namijin ne ke gina sheƙar kumfa a saman ruwa, ƙwai ya faɗo ya ɗauko da baki ya mayar. Kada dai a haɗa maza biyu, faɗa za su yi.

Ina roƙon jaridarku ta buɗe mana shafi ko da sau ɗaya ne a wata.

Naka,
Mai kiwon kifin ado