Ina Tanko, ina Delu, ina Gambo?

Assalamu alaikum Edita, ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan sunayenmu na gargajiya da muke ta yasarwa, dan wallahi abin na damuna.

Yanzu nan Katsina in ka je wajen suna, ana gama raɗa suna a yanka rago wanzami ya yi aski, sai ka ji mata sun fara duba waya wai ana neman sunan da za a riƙa kiran jariri da shi, a ɗauko wani suna daga intanet wanda ko uwar ba ta iya faɗinshi daidai balle ta san ma'anarshi, in ka ce to a kira shi Tanko mana tunda mata ya biyo sai a kwashe da dariya a ce ƙauyanci. Har wani na ji yana cewa ai sunan maguzawa ne. Haba jama'a! Iyayenmu da suka sa waɗannan sunaye ba su san addini ba ne? Sunan yanka daban lakabi daban, kuma tare suke tafiya tun fil azal.

Su mutanen da ba takardar haihuwa suke da ita ba, sunan ne takardar. Ka ji Ɗanladi ko Ladi ka san ran Lahadi aka haife su, Balarabe da Larai Laraba, Lami da Ɗanlami Alhamis, Jummai da Ɗanjuma kuwa ba sai an faɗa ba. Gambo shi ya biyo tagwaye, Delu ko Kande mace ce da ta zo bayan maza, Audi bai tarar da mahaifinshi da rai ba, Cindo yatsa shida gare shi, Shekarau ya daɗe a ciki, Anaruwa ana tsuga ruwan sama ya faɗo duniya.

Waɗanda suka fi taɓa mani zuciya su ne na ɗiyan wabi. Matar da ta binne biyu ta binne uku, in ta sake haihuwa sai a ce Ajuji ko Ayashe, kamar dai ba a damu da shi ba, ko a ce Barau ko Abarshi ana roƙon Allah ya bar mata wannan. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, ɗanta ya yi furfura yana da jikoki amma in ta leƙo zaure ta ce "Barau, ka ci abinci kuwa?" muryarta har rawa take, duk wanda ya san labarinta ya san me ke cikin wannan kira. Na yarda akwai camfi a wasu, malamai sun yi magana kuma a gyara, amma a san abin da ya sa uwa ta faɗi haka kafin a yi mata dariya.

Sai kuma kara. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, wanda aka sa ma sunan kaka sai ya koma Abba ko Babangida, mace Ummi ko Uwani, dan kar a riƙa kwaɗa ma sunan surukai kira a tsakar gida. Wannan tarbiyya ce, ba wani abu ba. Sunayen Musulunci ma sai da muka yi masu namu, Abubakar ya zama Garba, Usman Shehu, Umaru Sanda, A'isha Indo, Hauwa Kulu, Hadiza Dije.

Wanda ke ganin irin wannan suna ƙasƙanci ne ya duba gidan sarauta. Muhammadu Dikko da ya yi sarautar Katsina daga 1906 zuwa 1944, Dikko lakabin ɗan fari ne wajen Fulani, ɗansa Usman kuwa da ya gaje shi har 1981 duniya da Nagogo ta san shi. A Daura ma labarin Bayajidda kan suna ya tsaya, baiwa ta haifi ɗa ta sa mashi Karɓagari, Daurama ta haifi nata ta ce Bawo, wato a maido mata garinta, rigimar gadon sarauta guda an zuba ta cikin suna biyu.

Roƙona Edita, ku buɗe ɗan shafi ko wata-wata ne, masu karatu su riƙa aiko da lakabin gidajensu da dalilin sa shi, ku kuma tuntuɓi malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su tantance mana, tun tsofaffin da suka san asalin abin suna raye. Na gode, Allah ya ƙara ma jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Ƙofar Marusa, Katsina