Saura mako biyar a yi mini tiyatar rage ƙiba, amma akwai abin da na ɓoye wa likita

Assalamu alaikum Anti,

Da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki. Na daɗe ina sauraron shirinki, yau ga shi ni ma lalura ta kawo ni. Don Allah a sakaya sunana.

Shekarata 37, ina da aure da 'ya'ya biyu. Nauyina kilo 124, tsayina mita 1.65. Shekara shida ke nan ina fama da ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyi da ba sa barina in hau bene ba tare da na huta ba. Da dare numfashina kan ɗauke ina barci, har maigidana ya tashe ni a firgice. Na sha rage cin abinci, in sauke kilo goma, bayan wata shida su dawo har da ƙari. Daga ƙarshe likita ya ba ni shawarar tiyata, irin wadda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar ɗan siriri mai siffar ayaba. Ba a tsaga ciki, ƙananan huji ake yi a zura kyamara da kayan aiki.

Duk abin da aka gaya mini na haddace. Mako biyu kafin aikin zan koma abinci kaɗan marar maiƙo da zaƙi, don hanta ta rage girma, tunda sai an ɗaga ta kafin a kai ga tumbin. Bayan aikin za a tashe ni in taka tun a ranar, saboda gudun daskarewar jini a ƙafa. Kimanin mako biyu ruwa-ruwa kawai zan sha, kurɓi-kurɓi, sannan abinci markaɗaɗɗe, sannan mai laushi. Ba a haɗa ci da sha, sai an ba da tazarar minti 30. Bitamin B12 da sinadarin ƙarfe da kalsiyam sun zama abokan zama har ƙarshen rayuwa. An hana ni maganin ciwo irin su ibuprofen, an kuma ce kada in ɗauki ciki sai bayan wata 12 zuwa 18. Har zubewar gashi a wata na uku zuwa na shida an faɗa mini, na ce na yarda.

Anti, duk wannan bai ba ni tsoro ba. Abin da ke hana ni barci daban ne. Ranar da ake tantance ni, wata ma'aikaciya ta dube ni ta ce, "Kina cin abinci idan ranki ya ɓaci, ko ki ci har ki ji kin kasa dainawa?" Na ce a'a. Wallahi ƙarya na yi.

Shekaru da dama ke nan, duk ranar da raina ya ɓaci, sai in jira kowa ya yi barci. Wajen ƙarfe ɗaya in lallaɓa kicin, ko fitila ba na kunnawa, hasken firij ya ishe ni. A tsaye nake ci, da sanyinsa, ba don yunwa ba, ko ɗanɗanonsa ba na ji. In na gama in wanke kwanon, in goge shi, in mayar inda yake, in koma in kwanta kamar ban motsa ba. Shekara 14 da aurenmu, maigidana bai taɓa sani ba. Yakan ce wa 'yan'uwansa, "Ita fa ba ta da ci, jikinta ne haka." Duk lokacin da ya faɗa sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Makon jiya na gwada kaina, na ce bari in yi kwana bakwai a kan tsarin da za a ɗora ni. Kwana biyu na yi lafiya. A na uku muka ɗan samu saɓani da shi a kan wani abin da bai taka kara ya karya ba, dare na yi na tsinci kaina a gaban firij. Nan na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, domin na tuna an ce ɗinkin tumbin yana ɗaukar makonni kafin ya warke, abinci mai tauri a lokacin zai iya kawo amai, ko ma ya yi wa ɗinkin illa. Idan irin wannan daren ya same ni kwana biyar bayan aikin fa? Tumbi za a yanke, amma abin da ke tashina da tsakar dare ba a tumbina yake ba.

Ina tsoron in na faɗa a ɗage aikin, a tura ni wajen masanin halayyar ɗan'adam. Na riga na ɗauki hutu a wurin aiki, yayata ta shirya zuwa jinya, ni kuma na gaji da allurar suga da numfashin da ke ɗaukewa. Wata zuciyar tana ce mini in yi shiru, ai in tumbin ya ƙanƙance dole in daina. Wata kuma tana cewa yaudarar kaina nake yi.

Anti, ki taimake ni. Ta yaya zan koma in ce wa likita amsar da na bayar ba gaskiya ba ce? Shi kuma maigida, wanda shi ne zai kwana kusa da ni a waɗannan makonnin, da wane baki zan fara gaya masa ba tare da ya ji na ci amanarsa ba? In kuma akwai wanda aka yi wa wannan aiki cikin masu sauraro, kuma ya taɓa fama da cin dare irin nawa, ina roƙon ya faɗa mini abin da ya riƙa yi a lokacin da abin ya taso masa.

Ranar Alhamis ta sama zan koma asibiti, ita ce ganawa ta ƙarshe kafin in fara tsarin mako biyun. Ina fatan jin amsarki kafin ranar.

Taki,
Ƙanwarki mai sauraro