Godiya ga masu tayil na Ƙofar Ruwa da suka gyara mana falo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, da kai da yaran shagonka da magini da kafintan da ka haɗa ni da su, na ga ya dace in gode muku a bainar jama'a, don godiyar da na yi a waya ba ta gamsar da ni ba. Ka ce kada in ambaci sunan shagon, to na bi umarninka. Masu shiga Ƙofar Ruwa sayen kayan gini a Kano za su gane ka ko ban faɗa ba.

Ranar da na zo wurinka, hoto na riƙo a waya. Uwargida ce ta samo shi a Instagram: falo fari fat, tayil na sheƙi kamar madubi, bango guda an lulluɓe shi da katako da fitilu, talabijin can sama a manne. Na ce irin wannan nake so. Da wani ne, da sai ya ɗauko min mafi tsada ya rubuta rasit. Kai kuwa sai ka miƙo min wayata ka shiga tambaya. Mu nawa ne a gidan? Akwai tsofaffi? A kujera ake zama ko a ƙasa? Ana cin abinci a falon? Ana salla a ciki? Har na fara ƙosawa, ina cewa a raina tayil na zo saye, ba neman aure ba.

Da ka ji cewa Hajiya mahaifiyata tana tare da mu, ta kuma haura shekara 70, sai ka sa yaro ya shimfiɗa tayil biyu a ƙasa, mai sheƙi da marar sheƙi, ka zuba musu ruwan buta, ka ce in cire takalmi in taka. Ban gama ɗora ƙafa kan mai sheƙin ba na nemi abin dafawa. Ka ce haka Hajiya za ta riƙa shigowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala, sau biyar kullum. Ban sake maganar sheƙi ba. Launi ma haka muka yi. Ka ce fari da baƙi duka ba sa rufa wa mutum asiri da hunturu, baƙin ma ya fi tona shi, domin ƙurar da aka share da safe kafin azahar ta dawo. Muka tsaya a kan ruwan ƙasa mai haske. Hunturun bana ya zo ya wuce, kuma maganarka ta tabbata.

A shagonka na koyi cewa tayil ba duka ɗaya ba ne. Ka kifa guda biyu ka ɗiga ruwa a bayansu: ɗaya ya shanye nan take, ɗayan ruwan ya tsaya a kansa. Wanda bai sha ba shi ne wanda aka gasa da wuta mai ƙarfi, ya fi tauri, ya fi jure zirga-zirga. Ka nuna min na Sifen da na Indiya da na Sin, ka nuna min na gida da ake yi a Ogun da Ajakuta, ka ce ga falon iyali na gidan mai kyau ya wadatar, in adana ragowar kuɗin don aikin bango. Lissafin ma a gabana ka yi shi. Falon mita 6 ne da mita 4, wato murabba'in mita 24. Kwalin tayil mai santimita 60 da 60 guda huɗu ne a ciki, yana rufe murabba'in mita 1.44. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya kama kwali 19. Sannan ka sa aka duba lambar kowane kwali don a tabbatar tare aka gasa su, tunda launi kan ɗan sha bamban daga wannan gashi zuwa wancan. Wallahi ban taɓa sanin ana duba wannan ba.

Magininka kuma, Allah ya yi masa albarka. Da aka ɗaye tsohuwar ledar ɗakin, sai ga simintin ƙasa duk rami da tudu. Ya ƙi ɗora ko tayil ɗaya sai da ya sake daɓe ya daidaita shi, ya bar shi ya bushe. Na san dalilin da ya sa na yaba da wannan. Shekarun baya wani ya yi mana tayil a kicin cikin kwana ɗaya, muna ta murna da saurinsa, kafin damina biyu rabinsu sun ɗago suna ƙara kamar ganga. Wannan kuwa da ya gama sai ya bi su ɗai-ɗai yana ƙwanƙwasawa, ya sami uku da ba su kama sosai ba, ya ɓalle su ya sake, ba tare da na ce komai ba.

Inda kuka fi burge ni shi ne bangon talabijin. Ni bangon gabas na zaɓa saboda ya fi faɗi. Kafintan ya yi shiru, can ya ce, “Baba, ba nan kuke fuskanta ba in za ku yi salla?” Kunya ta kama ni. A falon nan mata da yara ke yin asham duk azumi, ga shi ina shirin kafa musu talabijin a alƙibla. Aka mayar da aikin bangon kudu. Ya kuma hana a ɗaga talabijin ɗin sama kamar na hoton. Ya zaunar da ni a kujera, ya zaunar da autana a ƙasa, ya auna inda idanunmu suke, ya ɗauki tsaka-tsaki. Yanzu masu zaman kafet suna kallon ƙwallo har a tashi ba mai kukan wuya.

Wayoyi duka a cikin bango suka bi ta bututu, aka bar bututu guda ba komai a cikinsa saboda abin da za a ƙaro nan gaba. Soket shida, biyu daga ciki a kan layin batirin sola. Durowar da ke ƙasa ba ta taɓa daɓe ba, an ɗaga ta kamar taƙi ɗaya don kada ruwan goge-goge ya kumbura katakon, kuma gara ba ta samu hanya cikin sauƙi ba. Wurin dikoda an huda masa ƙofofin shan iska, domin wanda ya san zafin Afrilu a Kano, lokacin da yake haura 40 a ma'auni, ya san abin da rufaffiyar durowa za ta yi wa na'ura. A gefe, can sama da komai, ya yi wa Alƙur'anai da littattafan yara kanta ta musamman. Fitilun bayan katako ne kaɗai muka yi gardama a kansu. Na ce almubazzaranci ne, uwargida ta ce sai an sa, ita ta yi nasara. Yau su ne muke bari a kunne da dare saboda Hajiya, kada dai ku faɗa wa uwargida na amsa laifina.

Ba zan ɓoye ba, kwana 10 kuka ce, aikin ya kai 16. Amma duk ranar da ba za a zo ba sai an kira ni tun da safe an gaya min dalili. Kun kuma faɗa min tun farko cewa tayil na sa ɗaki amsa-kuwwa, yana kuma da sanyi da hunturu, don haka muka shimfiɗa kafet mai kauri a tsakiya, muka sa labule masu nauyi da tum-tum huɗu na fata daga Kasuwar Kurmi.

Ragowar tayil biyar suna nan a sito kamar yadda ka ce in ajiye. Hajiya ta ce in gaishe ka, ta ce Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya raya zuri'a. Ta kuma ce ɗakinta ne na gaba, don haka bayan Babbar Salla ka sa ran ganina, in Allah ya kai mu.

Naka,
Wani magidanci daga Rijiyar Zaki, Kano