Saƙo ga 'yan ƙungiya mazauna ƙasashen waje: ku duba lambar cuta a takardun asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa maza da mata, da fatan kowa yana lafiya da iyali.

Abin da ya sami wani dattijonmu a Amurka ne ya sa muka rubuto muku. Shi da kansa ya ce a ba da labarin, a sakaya suna.

Kaluluwa ce ta fito masa a wuya, ba ta zafi, ta yi watanni ba ta saɓe ba. Da aka ciro ta aka auna, sai aka ce folikula limfoma ce, wata sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki mai tafiyar hawainiya. Likita bai ba shi magani ba, ya dai ce ya riƙa zuwa ana duba shi. Hankalin iyali ya tashi, sun zaci an sallama shi ne. Ko kusa. Muddin cutar ba ta takura wa mutum ba, sa ido hanya ce da likitoci suka amince da ita.

Daga takarda rigimar ta taso. Kowace cuta tana da lamba a kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, ta wannan kuwa C82 ce. Lambar da ke bayan ɗigo tana nuna ajin cutar: C82.0 aji na 1, C82.1 aji na 2, har zuwa C82.4, wato aji na 3b, wanda ba a yi masa jinkiri. A Amurka ana ƙara lamba guda a ƙarshe don nuna wurin da kaluluwar take. To, mai shigar da lambobi ya ga ba a magani, sai ya rubuta Z85.72, lambar wanda ya taɓa yin cutar ta wuce. Kamfanin inshora ya ƙi biyan kuɗin hoto. 'Yarsa ce ta baje takardun a ƙasa cikin dare, tana bi layi-layi da yatsa, har ta gano bambancin. Wasiƙa ɗaya daga likita ta gyara abin, amma an sha wahala kafin nan.

Don Allah, duk wanda ke jinyar wannan cuta ya karɓi kwafin sakamakon awon tsoka, ya gwada shi da lambar da ke takardar inshora. Idan cutar ta rikiɗe ta koma mai saurin yaɗuwa, lambar ma takan koma C83.3.

Sai magana ta biyu, kuma ita ta fi damuna. Rituximab, maganin wannan cuta da ake bayarwa ta ƙarin ruwa, wanda ake amfani da shi a Amurka tun 1997, yana iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ya kwanta a jiki. Da yawanmu mun tashi inda ciwon ya yawaita, wani yana ɗauke da shi bai sani ba. Kafin ƙarin ruwan farko, ku tambayi likita baki da baki ko an yi gwajin jini na wannan ciwon hanta, wato HBsAg da anti-HBc. Kada kunya ta hana.

Baba yana samun ƙarfi, yana gaishe ku. A sa shi a addu'a.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya