Gyara kan sifar Latin "niger"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin yin gyara kan bayanin da ya fito a shafinku na ilimi, inda aka ce niger da nigra da nigrum kalmomi uku ne daban-daban a harshen Latin. Sifa ɗaya ce, ma'anarta baƙi, sai dai tana sauya kama gwargwadon jinsin sunan da take siffantawa, kamar yadda Bahaushe yake cewa baƙin doki amma baƙar riga. Latin tana da jinsi uku, saboda haka niger ta namiji ce, nigra ta tamata, nigrum kuwa ta rukunin sunayen da ba namiji ba kuma ba tamata ba.

Sunayen kimiyya sun fi komai nuna wannan ƙa'ida. Baƙin masoro shi ne Piper nigrum, domin piper na rukuni na uku ne. Baƙar fumfunar da ke kama albasa ita ce Aspergillus niger. Wani baƙin sashe na ƙwaƙwalwa da cutar Parkinson ke lalatawa kuma likitoci suna kiransa substantia nigra. Wanda ya fi rikita ɗalibai shi ne Populus nigra, sunan wata bishiya, domin suna ganin ƙarshen -us sai su ɗauka namiji ne, alhali Romawa sun ɗauki yawancin sunayen bishiyoyi a matsayin tamata. Hatta habbatussauda, Nigella sativa, daga nigellus take, wato ɗan baƙi-baƙi. A lura kuma da yadda wasalin e na niger yake faɗuwa idan aka ƙara ɗafi, abin da ba ya faruwa da sifar liber, libera, liberum, wato mai 'yanci.

Batun da ya fi damuna shi ne iƙirarin cewa kogin Neja ya samo sunansa kai tsaye daga wannan sifa. Masana da yawa sun fi karkata ga cewa asalin sunan na Buzaye ne, daga furucin da ke nufin kogin koguna, kuma kamanninsa da kalmar Latin ne ya sa Turawa suka riƙa rubuta shi haka, musamman bayan littafin matafiyi Leo Africanus kan Afirka da aka buga a 1550. Daga sunan kogin ne Flora Shaw, 'yar jaridar Birtaniya, ta ba da shawarar sunan Najeriya a 1897. Ina roƙon a buga wannan gyara a shafin da kuskuren ya fito, domin ɗalibai suna kwafar darasi daga cikinsa.

Naku,
Wani malamin sakandare, Zariya